Rumfar Mai Garba da Tashar Jiragen Ruwa ta Abijan

Idan hantsi ya dubi ludayi a Treichville ko Ajame, ba sai an nuna maka rumfar mai garba ba, ƙamshin soyayyen kifi ne zai kai ka. Rumfa ce ta kwano a bakin titi, da dogon tebur, da benci biyu ko uku, da ƙaton kasko a kan wuta. A gefe ga daro shaƙe da aceke, dambun rogon nan na mutanen kudancin Kwaddibuwa, an lulluɓe shi da leda kada iska ta busar da shi. Maigidan rumfa yana tsaye da ɗan kwanon awo. Ka faɗi na nawa kake so ya auna maka, ka ɗauki cokali mai yatsu ka soki yankan kifin da ya kwanta maka a rai, yaro ya barbaɗa yankakken attaruhu da albasa da tumatir, a murtsuke dunƙulen magi a kai, a bi da ɗan man suya. Ka wanke hannu, ka nemi wurin zama. 'Yan Nijar ne, musamman Hausawa, suka yi suna da wannan sana'a a Abijan, shi ya sa ma ake cewa daga sunan Garba abincin ya samo nasa.

Kifin da ke cikin kaskon tuna ne, kuma daga tashar jiragen ruwa ya fito, nan kusa da Treichville. Abijan tana cikin manyan wuraren sauke tuna a Afirka. Manya masu kyau su wuce masana'antun kifin gwangwani, ƙanana da waɗanda suka ƙuje a cikin jirgi 'yan kasuwa su saye su shiga da su gari, su ne ke ƙarewa a farantin ɗan makaranta da ɗan dako. Amma abin da ya sa na haɗa rumfar da tashar shi ne ciwon kansu iri ɗaya ne: masu zuwa suna zuwa lokacin da suka ga dama, wuri yana da iyaka, kowa kuma so yake a sallame shi yanzun nan. Akwai wani fannin injiniyanci da ba shi da aiki sai wannan ciwon kai, wato tsara yadda aiki zai gudana a masana'anta ko asibiti ko tasha ba tare da ɓarnar lokaci da dukiya ba. A ƙasashenmu ba a cika jin labarinsa ba, domin mu a wurinmu injiniya shi ne mai gina gada ko mai kwance inji.

A ce rumfar tana ɗaukar mutum 12 a zaune, kowa kuma minti 15 yake yi ya cinye ya tashi. A awa guda mutum 48 za su ci su wuce. To, washegarin ranar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ASEC ta buga wasa da yamma, ta ci ko an ci ta, sai kowa ya gama cin abinci ya gyara zama ana musu, minti 15 ya koma 30. Benci bai ragu ba, masu zuwa ba su ƙaru ba, amma yanzu mutum 24 kaɗai rumfar za ta iya zaunarwa a awa. Sauran su yi cirko-cirko a bakin titi da faranti a hannu, wasu su gaji su tsallaka wurin maƙwabci. Mai wucewa zai ce rumfar ta yi kaɗan, a ƙaro benci. Maigidan ya fi shi sanin inda gizo ke saƙa. Za ka ji shi cikin ladabi yana cewa, "Alhaji, a yi haƙuri a ɗan ba su wuri, ga bayin Allah a tsaye," ko kuma ya ƙifta wa yaronsa ido ya kwashe faranti ya goge tebur, kowa kuwa ya san abin da hakan ke nufi.

Wannan abu da maigidan ya sani da ido, wani malamin jami'a ne a Amurka ya kafa masa hujja da alƙalami a 1961. Sunansa John Little. An haife shi a Boston a 1928, ya karanta fiziks a jami'ar MIT, ya ɗan yi aiki a kamfanin General Electric, sannan ya koma makaranta ƙarƙashin Philip Morse, malamin da a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya tara masana lissafi suka taimaki sojojin ruwan Amurka wajen farautar jiragen ƙarƙashin teku na Jamus. A 1955 Little ya kammala digirin digirgir, kuma shi ake lissafawa a matsayin na farko da ya samu irin wannan digiri a fannin a Amurka. Bincikensa a kan madatsar ruwa ne: yaushe ya kamata a saki ruwa a juya injin lantarki, yaushe ya kamata a riƙe shi saboda gobe, alhali ba wanda ya san yawan ruwan da kogi zai kawo. Yana koyarwa a kwalejin Case da ke Cleveland, sai wata rana ya faɗa wa aji cewa akwai wata ƙa'ida ta lissafin layi da kowa ke aiki da ita amma ba a kafa mata gamammiyar hujja ba. Wani ɗalibi ya ce masa, to shi ya kafa mana. Ya ɗauki maganar da gaske.

Ƙa'idar gajeriya ce. Yawan abin da za ka tarar a cikin wuri, a matsakaici, daidai yake da yawan masu shiga a awa ko a rana, sau tsawon zaman da kowannensu ke yi. Ƙarfinta shi ne ba ruwanta da ko a jere ake zuwa ko a gungu, ko wa aka fara sallama. Muddin wanda ya shiga yana fita daga ƙarshe, lissafin yana nan daram. A 1962 Little ya koma MIT, inda ya ƙarasa rayuwarsa ta koyarwa. Ya yi aiki a kan yadda za a daidaita fitilun ba da hannu a dogon titi domin mota ta riƙa tarar da kore bayan kore. A 1963 shi da abokan aikinsa suka fitar da dabarar gano hanyar da farke zai bi ya zaga garuruwa masu yawa da mafi ƙarancin tafiya. Daga baya ya karkata ga lissafin kasuwanci da talla. Ya rasu a watan Satumban 2024 yana da shekara 96. Abin da ke burge ni a tarihinsa shi ne bai raina ƙaramar tambaya ba, kuma tambayoyinsa duk daga abin da mutane ke fama da shi kullum ya samo su: ruwa a madatsa, mota a mararraba, mutum a layi.

Yanzu a ɗauki ƙa'idar a kai ta bakin ruwa. Tashar Abijan, wadda hedikwatar hukumarta, Port autonome d'Abidjan, ke Treichville, ita ce ƙofar mafi yawan cinikin ƙasar da ƙetare, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu na kuɗin da kwastan ke tarawa daga nan suke fitowa. Kayan da suka bi ta cikinta sun haura tan miliyan 34 a 2023, suka kai kimanin miliyan 40 a 2024. Kwantenoni kuwa, idan aka ƙirga da ma'aunin mai ƙafa 20, ba su kai miliyan guda ba a 2022, amma a 2024 sun kai kimanin miliyan 1.6. Filin ajiye kwantena shi ne bencin. Misali, idan kwantena 2,000 ke sauka kullum, kowace kuma ta yi kwana 10 kafin mai ita ya fitar da ita, to kwantena 20,000 za ka tarar a fili ko da yaushe. A rage kwanakin zuwa 5, sai su koma 10,000, kamar an ninka filin ke nan ba tare da an zuba tifa guda ta yashi ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurin da fili sai an cike tafki ake samunsa. Sabuwar tashar kwantena ta biyu da aka buɗe a watan Disamban 2022, hekta 37 da rabi ce, da bakin tsayawar jirgi mai tsawon mita 1,100, kuma ta ci kuɗi kusan sefa biliyan 600.

Cikar fili kuma tana da wata masifa da sai ka tsaya kusa za ka gan ta. Kwantenoni ɗora su ake kan juna, hawa huɗu ko biyar. Direba ya sha wahala ya shigo da takardar fita, sai a tarar tasa tana can ƙasa. Dole injin ɗagawa ya sauke uku na sama, ya nemi inda zai jingine su, sannan ya zaro ta ƙasa: ɗagawa huɗu saboda kwantena ɗaya. Waɗanda aka jingine ɗin kuma sun je sun danne ta wani, gobe shi ma a yi masa irin wannan tono. Duk lokacin da fili ya cika tudu ya yi tsawo, tono ya ƙaru, fitar da kaya ya yi nauyi, kaya su ƙara kwana, fili ya ƙara cika. Masanan fannin sun ɓata shekaru a kan tambayar da za ka ce ta yara ce, wato wace za a sa a ƙasa, wace a sama, tun da amsar tana buƙatar a yi hasashen wa zai zo ɗaukar kayansa da wuri.

Mu koma rumfa. An shawo kan masu hira, benci yana juyawa, sai ga layi bai ragu ba. Wannan karon kasko ne. Idan yanka 20 yake ɗauka, suya guda kuma minti 10, to yanka 120 ne a awa, ko da maigida ya ɗauki yara uku masu auna aceke. Duk hannun da aka ƙara a wani wuri ban da kasko, albashi ne kawai aka ƙara. Wani masanin fiziks ɗan Isra'ila, Eliyahu Goldratt, ya yi suna a 1984 da littafin da ya gina a kan wannan magana guda: kowane aiki yana da wuri ɗaya da ya fi ko'ina ƙunci, kuma shi ke yanke yawan abin da zai fita. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi muhimmanci. Ranar da maigida ya sayi kasko na biyu, ƙuncin ba ya mutuwa, ƙaura yake yi. Ya koma wurin yaro mai yanka albasa, ko wurin wanke faranti, ko kuma wurin canji, wanda duk mazaunin Abijan ya san azabarsa: mutum ya ci na ɗari biyar ya miƙo jaka biyar, a tsayar da komai a tura yaro shagon maƙwabta neman ƙananan kuɗi.

Tarihin tashar Abijan kusan duka tarihin wannan ƙaura ne. Gaɓar tekun ƙasar ba ta da mafakar jirage ta asali, igiyar ruwa mai ƙarfi ce ke dukan rairayi dare da rana. A zamanin Turawa jirage can nesa suke tsayawa, a yi ta jigilar kaya da mutane a kwale-kwale zuwa wata doguwar gadar ƙarfe da aka miƙa cikin teku, da farko a Grand-Bassam, daga 1931 kuma a Port-Bouët. Bayan rairayin nan kuwa ga tafkin Ebrié kwance, mai faɗi, babu igiya. Tun farkon ƙarni na 20 aka gwada yanka hanya tsakanin teku da tafkin, yashi ya sake toshe ta. Sai da aka zaɓi Vridi, inda bakin mashigin ke fuskantar wani rami mai zurfin gaske a ƙarƙashin teku wanda zai riƙa haɗiye yashin da ruwa ya kwaso, aka kuma gwada ƙaramin samfurin aikin a ɗakin gwaji na Delft a ƙasar Holand. Yaƙin duniya ya katse haƙan, aka kammala a 1950, mashigi mai tsawon mita 2,700. Ranar 5 ga Fabrairu 1951 François Mitterrand, yana ministan ƙasashen Faransa na ƙetare, ya buɗe tashar.

Shekara biyar bayan haka, a 1956, wani mai manyan motoci a Amurka, Malcom McLean, ya loda akwatunan ƙarfe 58 a jirgi daga Newark zuwa Houston, zamanin kwantena ya fara. Jirage suka yi ta girma har mashigin da ya buɗe Abijan ya zama shi ne ke shaƙe ta: jirgin da ya nutse cikin ruwa fiye da mita 11 da rabi ba ya iya shiga. Aka faɗaɗa shi aka ƙara masa zurfi, wani kamfanin Chaina ya yi aikin, aka buɗe a watan Fabrairun 2019. Yanzu jirgi mai nutsewar mita 16 yana tsayawa a sabuwar tashar, wadda kamfanonin AGL da APM Terminals ke gudanarwa, kuma daga jirage masu ɗaukar kwantena kimanin 3,500 an koma maganar masu 14,000. An sayi kasko na biyu ke nan, kuma ya cancanci a saya.

Sai dai Treichville a kan tsibiri take. Kayan da za su yi arewa dole su haye tafki, ta gadar Houphouët-Boigny ta 1957, ko ta De Gaulle ta 1967, ko ta uku da aka buɗe a 2014, sannan su kutsa ta wajen Ajame, inda motocin gbaka da tasi-tasin woro-woro da masu tura baro da 'yan kasuwa suke rabon titi ɗaya, kafin su kama babbar hanyar arewa. Gaskiya ne cewa kaso mai tsoka na ƙarin kwantenonin nan masu sauya jirgi ne, a sauke su daga babba a loda wa ƙarami zuwa wata tashar, ba sa taka titin gari. Amma ko da 2,000 kaɗai jirgi ya sauke na cikin ƙasa da na maƙwabta, tirela kuma ɗaya ko biyu take ɗauka, ana maganar tirela 1,000 ko fiye. Titin jirgin ƙasa ya kamata ya ɗauke wani nauyin. An fara shimfiɗa shi a 1904 da sunan layin Abijan zuwa Nijar, ya isa Bobo-Dioulasso a 1934, Wagadugu a 1954, Nijar kuwa har yau bai taka ta ba. Kamfanin Sitarail ke riƙe da shi tun 1995, siririn layi ne tsoho, kuma abin da yake iya ja bai kai abin da ake buƙata ba. Shi ya sa a 2018 Bankin Duniya ya amince da wani shiri na sasanta tashar da birnin, har da hanyar zobe da za ta kewaye gari domin manyan motoci su daina ratsa tsakiyarsa.

Akwai kuma darasin da ya fi wuyar shiga kan masu riƙe da kuɗin gwamnati. Mai garba da ya san sana'arsa ba ya tsara rumfarsa a kan matsakaicin ciniki na yini. Da ƙarfe goma kaskonsa yana hutawa, da sha biyu makaranta ta tashi, gbaka ta juye fasinja, 'yan gareji su taho a gungu. Hutun da kasko ya yi da safe ba ya ajiyuwa a ci shi da rana. Wani injiniya ɗan Danmak, Agner Erlang, shi ya fara lissafa wannan a 1909 yana aiki a kamfanin tarho na Kwapanhagan. A lissafi mafi sauƙi, inda masu zuwa ke zuwa ba tsari, idan kasko yana aiki rabin lokacinsa, jiran mutum kwatankwacin suya guda ne. Idan aikin ya kai kashi 80 cikin ɗari, jira ya ninka sau 4; a kashi 90, sau 9; a kashi 95, sau 19. Wato daf da cika, ɗan ƙari kaɗan ne ke mai da layi ya kai bakin kwalta. Jirage ma haka suke zuwa: wannan hadari ya tsare shi, wancan ya makara a Dakar ko Tema, sai uku su iso tare. Ga kuma kaka. Daga Oktoba koko ya fara sauka, ƙasar kuwa ita ce kan gaba a duniya wajen nomansa. Daga Fabrairu zuwa tsakiyar shekara kashu ya karɓa. Mangwaron arewa da na Mali da Burkina, wanda ba ya jira, ya shigo tsakani. Don haka idan ka ga bakin tsayawar jirgi babu kowa wata rana, ko injin ɗagawa a tsaye, kada ka yi saurin cewa asara ce. Wannan ɗan sararin shi ke hana jirage kwana a teku ranar da aka taru. Na fi amincewa da shugaban tasha mai kare wannan sarari a gaban minista fiye da mai alfaharin cewa injunansa ba sa hutawa.

Wanda ba shi da kuɗin ajiye sarari, sai ya nemi daidaita zuwan mutane. Mai garba yana yi: shugaban gareji ya bugo waya tun safe ya ce a haɗa na mutum goma zuwa ƙarfe ɗaya, a soya nasu a lokacin da kasko ke hutawa, yaro ya kai musu. A tasha wannan shi ne ba jirgi rana da awa tun kafin ya taso, da ba tirela lokacin zuwa ƙofa domin ta jira a wani fili a bayan gari maimakon bakin titi. Mutanen Najeriya sun ga abin da rashin haka ke haifarwa a Apapa, inda tireloli suka yi shekaru suna kwana a kan gadojin Legas, direbobi da yaransu, da yawansu 'yan arewa, suna wanka da girki a gindin mota. A watan Fabrairun 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasar ta fito da tsarin kiran motoci ta intanet mai suna Eto. Layi ya ragu, amma ba a jima ba direbobi suka fara kukan cewa wasu sun mai da tikitin haja suna sayarwa da tsada.

Nan ne rumfa da tasha suka raba hanya. Rumfa maigida ɗaya gare ta. Benci nasa, kasko nasa, asarar mai fushi ya tafi ma tasa ce, saboda haka duk jinkiri a jikinsa yake jin sa. Tasha kuwa iyayengiji gare ta da yawa: hukumar tasha, kamfanin da ke riƙe da filin kwantena, kwastan, kamfanin jirgi, dillalan fitar da kaya, ƙungiyoyin masu motoci, bankuna, hukumar birni. Kowa yana iya gyara nasa ɓangaren tsaf, kwantena kuma ta kwana tsakanin ofis da ofis. Mafi muni, akwai masu cin riba a jinkirin. A 2012 Bankin Duniya ya fitar da wani bincike ƙarƙashin Gaël Raballand a kan tashoshi shida na Afirka. Abijan ba ta ciki, amma maƙwabtanta Tema da Lome suna ciki. Suka gano cewa in ban da Durban, inda kaya ke yin kamar kwana 4, a sauran kwantena tana yin kusan kwana 20, alhali a manyan tashoshin duniya kwana 3 zuwa 4 ne. Kuma suka ce mafi yawan kwanakin nan ba ƙarancin inji ko fili ne ya jawo su ba. Wani ɗan kasuwa da gangan yake barin kayansa domin ajiyar tasha ta fi hayar sito araha, ko yana jiran mai saye kafin ya samu kuɗin biyan kwastan. Mai fili yana karɓar kuɗin ajiya. Wani kuma tsawon hanyar takarda shi ne abincinsa. Wanda ya gama ci ya ƙi tashi, mai benci kuma ana biyansa kuɗin zama, to wa zai ce a ba na tsaye wuri? Kwaddibuwa ta buɗe kafa guda ta intanet don takardun shige da fice a 2013 domin rage wannan zirga-zirga, kuma mataki ne mai kyau, amma kwamfuta ba ta canja lissafin wanda jinkiri ke yi wa rana. Sai an taɓa farashi: kwanakin farko kyauta, daga nan kuɗin ajiya ya riƙa hawa da sauri har barin kaya ya daina zama dabara.

Abin da ya sa maganar ta dame ni shi ne wanda ke biyan kuɗin kwanakin nan ba ya cikin ko ɗaya daga ofisoshin da na lissafa. Yana Bamako, yana Bobo, yana Maraɗi. Ɗan kasuwar da jarinsa ke juyawa sau 6 a shekara, idan jinkiri ya mai da shi sau 4, ba zai yarda ya ci asara ba, a kan buhun shinkafa da sukari da taki zai ɗora, mai awon tiya ta biya. Rashin tabbas ya ma fi tsawon kwana ciwo: wanda ya san kayansa kwana 12 za su yi yana iya shiri, wanda bai sani ba ko 5 ne ko 30 dole ya tara kaya a sito ya daskarar da kuɗinsa. Kuma kaya ba su da ƙabila. Da rikici ya ɓarke a Kwaddibuwa a watan Satumban 2002 aka raba ƙasar biyu, 'yan kasuwar Mali da Burkina suka juya zuwa Tema da Lome da Dakar, kuma Abijan ta ɗauki shekaru tana zawarcinsu. 'Yan Nijar sun ɗanɗana irin wannan juyi tun daga 2023, da hanyar Kwatano ta rufe aka koma ta Lome.

Makarantun da za su fitar da masu wannan ilmi muna da su. A Yamusukuro akwai babbar kwalejin fasaha ta Houphouët-Boigny, a Abijan akwai makarantar yanki ta kimiyyar teku da ke horar da ma'aikatan jirage da tashoshi, a Zariya akwai cibiyar fasahar sufuri ta Najeriya tun 1986, ga sassan injiniyanci da lissafi a jami'o'in Kano da Zariya da Yamai da Maraɗi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanya tsakanin aji da ƙofar tasha. Malami yana koyar da lissafin layi da misalan littafin ƙetare, hukuma kuma tana riƙe alƙalumanta kamar sirrin gida, idan abu ya cuɗe a ɗauko ƙwararre daga Turai ya yi mako biyu ya rubuta rahoto ya tafi. Alhali aikin farko ba ya buƙatar komai sai izini da haƙuri. A kan kowace kwantena a rubuta lokaci huɗu: yaushe aka sauke ta, yaushe mai ita ya shigar da takarda, yaushe kwastan suka sake ta, yaushe ta fita ƙofa. Tazarar da ke tsakanin waɗannan huɗun ita ke nuna kwana nawa ne na ɗan kasuwa, nawa ne na hukuma, nawa ne na mai fili da mai mota, kowa ya ga rabonsa a rubuce.

Hukumar kwastan ta Najeriya ta ƙaddamar da irin wannan awo a tashar Tin Can ta Legas a 2024. Tashoshin tudu na arewa, ta Kaduna da aka buɗe a 2018, da ta Dala a Kano ta 2023, da ta Funtuwa, ba su cika ba tukuna, kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa zai ƙaro musu kaya. Ina roƙon hukumominsu su buɗe wa malaman jami'a da ɗalibansu littattafan shige da fice tun yanzu, su kuma riƙa buga matsakaicin kwanakin da kwantena ke yi a wurinsu kowane wata, yadda ɗan kasuwar Kantin Kwari ko na Maraɗi zai gani kafin ya yanke shawarar ta ina zai biyo da kayansa.